Akwatin Ƙarƙashin Teburin Malam Siddiƙu

Ofishin ƙungiyar manoman rani da ke kusa da madatsar ruwa ta Goronyo ɗaki ɗaya ne da 'yan kwamfutoci, amma in ka ji Gidaɗo, shugaban ofishin, yana ba da labarinsa sai ka ɗauka ma'aikata ce guda. Abin da ya fi alfahari da shi ita ce foldar da duk kwamfutocin suke shiga tare. A cikinta ake duba wane manomi za a sakar wa ruwa yau, wane ne sai gobe. Gidaɗo bai taɓa tambayar inda foldar take zaune ba. Yana dannawa tana buɗewa, shi ke nan.

Da Allah ya yi wa Malam Siddiƙu, tsohon akawun ofishin, rasuwa, Gidaɗo bai bar kowa ya taɓa kayansa ba. Ran Juma'a bayan an tashi aiki ya tattara su da hannunsa: buta, darduma, rediyo, tabarau, da wani ɗan baƙin akwati mai koriyar fitila da ya gani ƙarƙashin tebur. Malam mutum ne mai rubuta sunansa a kan komai, har kofin shayi, kuma ga sunan nan ɓaro-ɓaro a jikin akwatin. Gidaɗo ya zare wayoyinsa, ya sa shi a kwali, ya kai gidan mamacin a Wurno.

Ran Litinin foldar ta ƙi buɗewa. Wani jan gicciye ne ya hau kanta a kowace kwamfuta. Manoman albasa kuwa sun cika baranda suna jiran a gaya musu ranar ruwansu.

Gidaɗo ya naɗe hannun riga. Ya kashe kwamfutarsa ya kunna. Ya kashe rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ya jira, ya kunna. Ya sake buga kalmar sirri har da manyan baƙaƙe. Ya hura bakin waya ya mayar. Jan gicciyen na nan daram. Gumi ya fara keto masa, ga idanun manoma ta taga, sai ya juya kan Sauda, sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka bana, don ita ce ta yi aiki a foldar ƙarshe.

"Sauda, mi kit taɓa ran Juma'a?"

"Yallaɓai, ban taɓa komi ba. Sunaye kawai na shigar."

"Sunaye kawai? To ina sunka tahi? Kin goge aikin shekaru! Tashi ki tahi gida, sai na neme ki."

Da ƙarfi ya faɗa, don na baranda su san ba daga gare shi ba ne. Sauda ta ja mayafinta ta fita ta tsakiyar mazan, kanta a ƙasa. Kafin azahar magana ta kai kasuwa: 'yar gidan Mode ta goge sunayen manoma.

Washegari, da dabara ta ƙare, ya kira wani mai gyara a Sakkwato. Mutumin ya ce masa ya daina danne-danne, ya bi wayoyin da suka fito daga rauta ɗaya bayan ɗaya ya ga inda kowace ta nufa. Gidaɗo ya durƙusa yana bi. Wannan ta tafi teburinsa. Wannan ta tafi na Sauda. Wata shuɗiya kuwa ta bi gindin bango ta ƙare ƙarƙashin teburin Malam Siddiƙu, bakinta a ƙasa, ba ta shiga komai ba.

"Nan ma'ajiyarku take," in ji mai gyaran. "Ɗan akwati na, galibi baƙi. Komi naku na ciki. Wa ya ɗauke shi?"

Gidaɗo ya kashe wayar. Ya daɗe a durƙushe, kunya ta hana shi miƙewa.

Ya hau babur sai Wurno. Ya so ya sami wani ya yi masa raɗa a soro, amma ya tarar da dangi zaune a kan tabarmi, ga Alhaji Abdulƙadiri, yayan mamacin, a tsakiya. Alhaji na ganinsa ya nuna shi ga jama'a.

"Ga mutumin da nike gaya muku. Ko allura bai bari can ba, dut ya kawo muna. Irin wagga amana ta yi wuya yanzu."

Aka yi ta sa masa albarka, shi kuwa yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce akwai kuskure, baƙin akwatin nan na ofis ne. Alhaji ya aika cikin gida aka fito da shi. An riga an goge shi tas an naɗe cikin ƙyalle, tare da sauran kayan da za a raba wa magada. Gidaɗo ya karɓa da hannu biyu bai iya ɗaga ido ba.

A hanya zuciyarsa ta fara ba shi shawara. Ya shiga ofis a ɓoye, ya jona, ya ce shi ne ya gyara. Sauda ta dawo aiki, a ce an yafe mata. Wa zai sani? Shawarar ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya sayi baƙar leda ya saka akwatin.

Yana isa ya tarar da manoma a baranda kamar jiya, da wani tsoho a ƙofar ofis ya cire takalmansa. Mode ne, mahaifin Sauda, ya baro gonarsa. Sauda na tsaye bayansa, idanunta sun kumbura. Kafin Gidaɗo ya kafe babur tsohon ya tsuguna a gabansa.

"Yallaɓai, na zo roƙon arziki. Ɗiyata ta, yarinya ta. Ta ce mani wataƙila hannunta ya danna wani abu ba ta sani ba. Laihi dai an yi shi. A dubi hurhurata a yi haƙuri."

"Yallaɓai, ban yi da gangan ba," in ji Sauda.

Wato har ta yarda ita ce. Gidaɗo ya dubi farin kan tsohon da ke ƙasa da gwiwarsa, ya ji ledar ta yi masa nauyi a hannu. Kalma ɗaya ta ishe shi, "ba komi," kowa ya watse yana yaba masa.

Ya zame ya zauna dirshan a ƙasa, har kansa ya koma ƙasa da na Mode. Ya kwance ledar, ya ajiye akwatin a tsakaninsu inda duk na baranda za su gani.

"Baba, tashi don Allah. Ba ta taɓa komi ba. Ga sunayen nan ciki, ni na ɗauke su da hannuna."

Mode ya dubi akwatin, ya dubi Gidaɗo. Ya miƙe a hankali ya sa takalmansa.

"To, yallaɓai. Jiya da ƙarhi ka hwaɗa. Wanga ma ɗaga murya, na baya ba su ji ba."