Irin Geron Baba Magagi

"Sauko da shi, Salamatu. Duka."

Muryar maƙwabcinmu Baba Magagi ce ta tsallako katanga. Ni kuwa ba na iya jin magana rabi in ci gaba da wanke-wanke, sai na ɗauki mayafi na shiga kamar gaisuwa ta kai ni.

Yana kwance kan tabarma, wata biyu ke nan ciwo ya hana shi tashi. Matarsa Salamatu tana tsaye bakin rumbu, rungume da damin iri, wato zangarniyoyin gero mafi cika da yake warewa kowace kaka don shuka.

"Rashida, ki ji min," ta ce. "Ruwa na bisa hanya, shi ko ya ce a kai ma Hamma irinmu. Mi zan shuka?"

Na yi mamaki. Hamma makiyayi ne a da. Shanunsa sun taɓa cinye gonar Baba Magagi, kuma shekara tara ke nan ko gaisuwa ba sa yi. Daga baya fari ya ƙarar da shanun, ya koma noman wani ɗan fili ba da iyawa ba.

Baba Magagi shi kaɗai ne Kirista a layinmu nan Filinge, kuma na daɗe ina son sanin abin da ke cikin baƙin littafin da ke gefen matashinsa.

"Baba, littahinku ya ce haka?"

Ya yi murmushi. "Zamna, ɗiyata. Ɗiyan Adamu biyu sunka kai ma Allah baiko, wato hadaya. Kayinu manomi ya kai amfanin gona, Habila makiyayi ya kai daga garke. Anka karɓi na makiyayi, anka bar na manomi. Shekara arba'in abin na cina, ni da ban san komi ba sai gero."

"To don mi anka ƙi shi?"

"Ni dai abin da na gani, Habila ya ba da 'ya'yan fari, masu ƙiba. Kayinu ya ɗebo abin da ya ɗebo. Ni ma kowace kaka ina kai dami majami'a, amma sai na tsince na ƙwarai na ɓoye." Ya huta, numfashinsa na sarƙewa. "Kuma an ce in za ka miƙa baiko ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, aje shi, tahi ku shirya tukuna. Na san wurin sarai, Rashida. Tsallake shi nike yi."

"Ni fa?" Salamatu ta ce a hankali.

"Ban sani ba. Ibrahim ma da ya hau dutse bai ga ragon ba tukuna."

Raina ya ce wannan amsa ba ta cika tukunya, har na ji haushinsa. Amma Salamatu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora mini damin a ka.

Hamma ya saurari saƙon, ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu.

"Magagi da kainai?"

"Shi da kainai."

Ya sa hannu ya karɓi damin. Da na dawo Baba Magagi ya tambaye ni, "Ya karɓa?" Na ce ya karɓa. Ya lumshe ido, sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ranar Talata da hantsi ya rasu. Na yi kuka fiye da yadda na zata.

Kwana tara bayan haka aka yi ruwan shuka. Da safe na bi ta gefen gonar Baba Magagi, ko da yake na san babu abin zubawa a cikinta. Sai na hango mutum biyu. Hamma ne a gaba da sungumi yana sara ramuka, layinsa a karkace irin na wanda ya saba bin shanu. Salamatu na biye da ƙwarya, tana zuba irin nan da na kai masa tana rufewa da diddige, ba ta gyara masa layin ba.