Akushin Baba Kumai

Ina cikin dakan riɗi Alexander ya shigo gidanmu ba sallama. Abokin aikin mijina Silvanus ne, tare suke aikin kafinta, tare kuma suka tafi Kachia buga rufin wani shago. Da na gan shi shi kaɗai, hula a hannu, sai na jingine taɓarya. Ya ce Silvanus ya zame daga saman rufi, kafin a kai shi asibiti ya cika. Abin da ya fara zuwa mini a rai wai waken da ke kan wuta zai kama. Na je na sauke shi, na rufe, sannan na zauna a ƙasa. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne.

Gidanmu yana bayan layin dogo a Kafanchan. Ban da ni da Silvanus akwai 'ya'yanmu mata biyu, Edna da ƙanwarta, sai mahaifinsa Baba Kumai, wanda muka ɗauko daga ƙauyensu wajen Samaru Kataf bayan rasuwar matarsa. Tsoho ne mai son abinci, mai kuma doka a kansa. A wurinsa kowane abinci yana da abin shan da ya dace da shi. In na dafa wake da riɗi, kunun tsamiya yake so, mai tsamin da zai sa mutum ya runtse ido. Gwaza da manja da barkono kuwa sai da kunun gyaɗa mai zafi. Ina amarya na taɓa kai masa tuwon dawa miyar karkashi da kofin shayi, don in nuna ni 'yar gari ce. Har ya bar duniya yana ba mutane labarin. Ya ce tuwo ruwan randa kawai ya sani.

Bayan an yi jana'iza aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki. A al'adarmu wadda mijinta ya mutu ba ta zuwa kusa da murhu sai an tashi makoki. Matan zumunta na majami'armu suka karɓi madafa, Mama Martha shugabarsu tana ba da umarni. Abinci bai yanke ba, baƙi suna ci suna ƙoshi. Baba Kumai kaɗai ne bai ci ba.

Yana zaune a gindin mangwaro yana karɓar gaisuwa. Za a zuba masa mafi kyau a akushinsa, a rufe da faifai, a durƙusa a ajiye, a ja baya don girmamawa. In an dawo sai a tarar da shi yadda aka kai. Da farko muka ce baƙin ciki ne, zai wuce. Kwanaki suka ja, ruwa kawai yake kurɓa. Tashi ma sai an kama shi. Wata nas maƙwabciyarmu ta duba shi, ta ce in haka ta ci gaba mu shirya haƙa kabari na biyu.

Mama Martha ta gwada shinkafa da miyar kaza da lemon kwalba. Ya yi godiya, ya mayar da faifai. Sai ta shigo wurina ta zauna a bakin tabarma, ta ce in gaya mata abin da tsohon nan ba ya iya kawar da kai a kansa. Na ce paten acca. Na gaya mata yadda nake yi: a rege accar sosai kada yashi ya saura, a fara dafa ƙashi da daddawa har ruwan ya yi daɗi, gauta ta shiga da wuri don ɗacinta ya kwanta, gyaɗa a daka ta ba laushi can ba, yakuwa kuma sai an kusa saukewa. Ta ce to, da me yake sha? Na fara kame-kame. Ta ce ba ta da lokacin kunya. Na ce tun zuwansa gidanmu kunun zaƙi mai citta nake ba shi, yana sha yana gunaguni, amma a ƙauye burukutu ne.

Mama Martha fa ita ce ta sa dattawan ikkilisiya suka yi wa mata horo saboda dafa burukutu. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗauki babbar butar shayi ta zumunta, ta fita. Da ta dawo ta leƙo ɗakina da butar a hannu.

"Maman Edna, wannan shayi ne. In Fasto ya tambaya, ke kika aike ni."

Wannan ce dariyata ta farko tun zuwan Alexander.

Ƙamshin paten ya cika gida da la'asar. Daga inda nake ina hango gindin mangwaro ta ƙofa. Mama Martha ta kai masa akushi da butar da ƙoƙo. Ya buɗe murfin butar ya sansana, ya ɗago kai.

"Martha, yaushe kika tuba?"

"Baba, ci abincinka. Zunubin yana wuyana."

Ta ja baya, sauran mata ma suka koma madafa. Ya buɗe akushin, ya dubi tururin na ɗan lokaci, ya mayar da faifai.

Ban san lokacin da na tashi daga tabarma ba. Na je na durƙusa daga nesa kamar yadda na saba. Na ce masa ban gama kukan ɗansa ba, kada ya ƙara mini wani. In gishiri ne ko hannun mai dafawa, ya faɗa, zan karya al'ada in shiga madafa da kaina.

"'Yata, abincin ba shi da laifi," in ji shi. "Tun da aka yaye Silvanus, in dai muna gida ɗaya, hannunsa yana cikin akushin nan tare da nawa. Kafin shi 'yan'uwana, kafin su ubana. Ni ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Ban iya ba."

Sai a lokacin na tuna ko tafiya Silvanus ya yi, tsohon yakan ɗauki akushinsa ya tsallaka shagon tela su ci tare. Yanzu makoki ya hana shi fita, baƙi kuma ana zuba musu nasu daban. Mu muna ganin girma muke ba shi. Shi kuwa babba ne, ba zai buɗe baki ya roƙi a zauna a ci da shi ba.

Na waiga, babu namiji ko ɗaya a gidan, duk sun raka baƙi tasha. A wurinmu matar ɗa ba ta cin abinci da surukinta, ko taunarsa ba ta tsayawa kallo. Na ja ƙwaryar ruwa na wanke hannu, na matso na zauna. Na ji hirar madafa ta tsaya cak.

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Sai ya juya akushin, ya ce wannan gefen ne nasa. Ya turo mini ƙashin mai ɓargo. Muka sa hannu. Ni ma sai a lokacin na san yunwar da ke cikina. Paten ya yi kauri daidai, ɗacin gauta da tsamin yakuwa suna bin juna. Ya tsiyaya abin butar a ƙoƙo ya kurɓa, ya lumshe ido. Mama Martha ta zo ta ajiye mini kunun zaƙi mai citta a gefena. Ya ce mata gishiri ya ɗan yi yawa. Ta ce mai kwana da kwanaki bai ci ba ai ba shi da bakin zaɓe. Muka suɗe akushin tas.

An yi surutu. Danginsa na ƙauye suka ce ba a taɓa yi ba. Ya ce musu duk wanda abin ya dama ya baro gonarsa ya zo ya zauna da shi kowace yamma. Ba wanda ya zo. Haka muka ci gaba da ci tare, yana yi mini gyara a kan kunu, ina yi masa a kan taba, har shekarar da Edna ta shiga kwalejin horon malamai, ya kwanta ya tafi da cikinsa a ƙoshe.

Yanzu yaran sun yi aure, ɗaya tana Manchok, ɗaya Kaduna. Har yau kewar Silvanus ba ta sake ni ba, amma ina lafiya, ina dafa abin da raina yake so. Da yamma in na sauke tukunya nakan fito da akushin ƙofar gida, da jug ɗin kunu da kofi biyu, in zauna. Duk wanda ya fara wucewa sai in ce ya zo ya sa hannu. Jiya har paten ya fara hucewa kafin wata mai tallan itace ta biyo. Ta sauke kayanta, ta wanke hannu, ta zauna.