Albasar Parthiv

Parthiv yana da kai, amma ga taurin tsiya. Manhajar kai abinci muke ginawa a ofishinmu na Ahmedabad, kuma duk shafin da ya rubuta sai ya liƙa masa tasa tambayar zuwa rumbun bayanai: wane ne mai oda, me yake ci, me ba ya ci.

Na ce, "Parthiv-bhai, don Allah ka tara su wuri guda. Ka gina mai oda sau ɗaya da dokokinsa, kowane shafi ya je can ya tambaya."

Ya ce, "Falguni-ben, abin da ke aiki ba a taɓa shi."

Haushi ya kusa kashe ni.

To, akwai Kinjal da yake nema. Gidansu mabiya addinin Jain ne, ko albasa ba sa ci, kuma sai kakarta, wadda suke kira Ba, ta yarda za a sa rana. Gogan naka ya rantse wa tsohuwar ya bar albasa har abada. Don burgewa ya ƙara dokar Jain a manhaja, ya bi shafuka yana gyarawa, sannan ya aika wa tsohuwar abincin rana ta manhajar. Shafin masu girki ya manta.

Ni na hango odar ta fita yadda aka saba. Na ce, "Ango, kachori, soyayyen fulawar nan mai cike da albasa, ka aika wa kakar amarya."

Ko takalmi bai tsaya ɗaurawa ba, ya haye babur. Sauran labarin Kinjal ce ta ba ni, tana share hawayen dariya. A ƙofar gidansu ya tare ɗan aike ya karɓe abincin, ya ji tafiyar tsohuwa tana fitowa, ya rasa inda zai jefa kachorin, sai ya cusa su a baki.

Ya durƙusa zai taɓa ƙafarta don gaisuwa, ta ja da baya tana toshe hanci.

"Ba, wallahi ba halina ba ne, daga manhajar ne..."

"Wadda ka ce kai ka gina?"



Ta ce, "Yaro, ɗaya za ka ɗauka. Ko kana cin albasa a ɓoye, ko ba ka iya aikinka ba."

Kinjal tana ta yi masa alama da ido daga bayan labule. Ya kalle ta, ya haɗiye sauran lomar.

Ya ce, "Ina ci, Ba."