Kalmomin Mama a Bakin Kuraye

Ni na haɗa harsuna uku na wasan Tsaunukan Toka, kuma sunana na nan a bangon littafin, ƙasa da na Dewald, da ƙananan haruffa: Luzuko. In ka taɓa zama kewaye da tebur kai da abokanka, wani yana jan labari, ku kuna jarumai, kuna jefa ɗan ludo mai fuska ashirin don a ga ko saranku ya kama, to ka san irin wasan. In ba ka taɓa ba, ba ka yi asarar komai ba. Ƙarti ne da gemunsu suke zama ran Asabar suna kashe dodannin da babu su.

Mu huɗu ne a kamfanin, a wani ɗaki saman shagon gyaran keke a unguwar Observatory, nan Cape Town. Dewald ne mai kamfanin, shi ke rubuta labari, shi ke yanke magana. Ni aikina in ƙirƙiro wa kowace ƙabila ta cikin wasan harshenta. Na Maƙera da na Masunta ban sha wuya ba. Na ukun ne ya hana ni sakat, wato harshen Sarauniyoyin Gajimare, tsofaffin matan da ke tsaron idanun ruwa na duniyar wasan. Wata uku ina fama, duk abin da na kawo sai Dewald ya yatsine fuska.

"Mutumina, wannan ai sunan maganin tari ne," in ji shi. "Ina son abin da ba a taɓa ji ba, amma in an ji a ce ya tsufa."

Ka ji fa. Sai ka ce a kasuwa ake sayarwa.

Da hutun Ista na tafi gida, ƙauyenmu da ke bayan garin Dutywa. Ina ajiye jaka Mama ta ƙwala wa ƙanwata kira: "Ke, kawo wa yayanki mpozo, ya sha hanya." Tun ina goye nake jin kalmar nan a bakinta, amma ran nan ne na ji ta da kunnen aiki.

Sunan kakana, uban Baba, Manzezulu. Ruwa kuwa amanzi muke ce masa da harshenmu. Ka ga ke nan sunan surukin Mama yana cikin ruwa, kuma matar da ta san kanta ba ta kama sunan surukinta, ko gutsurensa, ko da ya ɓuya a cikin wata kalma. Haka sunan uban surukin, haka na 'yan'uwansa maza. Gidanmu kuwa gidan maza ne da yawa. Saboda haka ruwa, da saniya, da hanya, da wuƙa, da hayaƙi, duk Mama tana da nata sunan da take kiran su da shi. Wasu ta gada wurin kakata, wasu ita ta ƙaga da kanta. Babu su a kowane ƙamus.

Da hantsi na same ta tana tsince wake a tire, na zauna gefenta da littafi da biro.

"Me za ka yi da su?" ta ce. "Maganar mata ce. Namiji ba ya sa ta a baki."

"Littafi za a yi, Mama."

"Na makaranta?"

"Kusan haka. Labari ne. Akwai wasu sarauniyoyi a ciki, su za su riƙa magana da kalmominki."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ni Nofezile, da kaushin nan a ƙafa? Sarauniyoyi! Kai ɗan nan, birni ya taɓa maka kai."

Amma ta ba ni. Kwana uku muna yi, ta ba ni kalma ɗari biyu da sha biyu, kowacce da tarihinta. Na mpozo shi ne wanda ba na mantawa. Tana da shekara sha tara, kwananta uku a gidan miji, ta dawo daga rafi a gajiye ta ce ga ruwa nan, da sunansa na kowa, a gaban surukin kansa. A ranar aka mayar da ita gidansu, sai da ubanta ya haɗo ta da tunkiya ta ban haƙuri. A hanyar dawowa, tana janye da tunkiyar tana kuka, ta ƙudura cewa ba za ta ari kalmar kowa ba, tata za ta yi. Kafin ta iso ƙofar gida ta samo mpozo.

"Shekara arba'in da shida ke nan," ta ce, "bakina bai ƙara kuskure ba. Ranar da nake naƙudarka a asibiti ƙishirwa ta kusa kashe ni, nas ba ta gane abin da nake roƙo ba. Na haƙura har kakarka ta zo."

Ba da kuka ta faɗa ba. Da alfahari ta faɗa, tana hure ƙaiƙayi daga waken.

Na koma Cape Town na ɗora wa kalmomin ƙa'idoji, na ƙara wasu don su cika, na kai wa Dewald. Ya karanta da ƙarfi, harshensa yana sarƙewa a wuraren da muke ƙyasta harshe, idonsa yana ƙyalli.

"Kai! Wannan shi ne! A ina ka samo?"

"Daga kaina," na ce.

To, ga inda na kashe kaina. Ba wanda ya tilasta ni. So nake a ce Luzuko gwani ne, ba a ce ya je ƙauye ya kwafo daga bakin tsohuwa ba. Kalma biyu ce kawai, kuma na ji daɗin faɗinsu.

Bayan wata biyu Dewald ya aika wa 'yan gwaji na ƙasashen waje wasan, suka buga, suka turo ra'ayinsu. Ran Litinin ya shigo da kofin gahawa a hannu, yana fara'a.

"Kowa ya yaba, mutumina. Abu ɗaya ne kawai. Sun ce harshen sarauniyoyin nan ya yi kaushi, da wannan ƙyas-ƙyas ɗin. Sun ce da Kuraye ya dace. Sai mu ba Kuraye shi, sarauniyoyi su ɗauki na maganin tarin nan, in ka ɗan tausasa shi."

Kurayen wasan mutane ne masu kan kura. Suna satar jarirai, suna zuba guba a rijiya, kuma su ne sabbin 'yan wasa ke fara kashewa don hannu ya faɗa.

Na ce, "Dewald, wannan harshen ba na dodanni ba ne."

"Ai ba na kowa ba ne," ya ce. "Kai ka ƙirƙira. Amfanin harshen ƙirƙira ke nan, ba wanda zai taso ya ce an zagi ƙabilarsu. Dalilin da ya sa na ɗauke ka ke nan."

In na faɗi gaskiya, na zama maƙaryaci kuma ɓarawo, sunana ya tashi daga bangon littafin. Na ce a raina, yaushe Mama za ta ga wannan littafin? Tsohuwar da ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ga nisan kwana guda a mota. Na yi shiru, aka buga littafi, kalmominta suka sauka a shafi na tamanin da takwas ƙarƙashin hoton kura mai dalalar da miyau.

A watan Oktoba ta zo Cape Town aka cire mata yanar idon. Ni na nemo likitan, ni na tsaya a layi, ina ta jin kaina ɗa na gari. Aka kwance bandeji ran Alhamis, ta dubi fuskata ta ce ashe na yi furfura ba ta sani ba. Ran Asabar kuwa ranar ƙaddamar da wasan ce a wani shagon wasanni. Na fito wanka na tarar da ita zaune bakin gado, ta sa zanenta mai shuɗi na zuwa coci, ta ɗaura baƙin ɗankwali, ta yafa ƙaramin bargo.

"Ina zuwa, Mama?"

"Ganin sarauniyoyina mana. Na riga na faɗa wa matan coci, in na koma tambayata za su yi."

"Hayaniya ce kawai a wurin. Likita ya ce ki huta."

"Ido ya yi wa aiki, ba ƙafa ba. Wuce mu tafi."

A cikin tasi na tsara dabara: in nuna mata hoton sarauniyoyi, in nuna mata sunana a bango, ta sha shayi, mu fice kafin a fara wasa. Da ma na san ni ba mai sa'a ba ne. Muna shiga Dewald ya hango mu, ya taho da gudu, ya kama hannunta da hannu biyu, ya ce yau Mama ce babbar baƙuwa. Ya jawo kujera ya zaunar da ita dab da teburinsa, ya sa aka kawo mata shayi da biskit. Allah ya sani, ba mugunta ya nufa ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ko wanda zan zaga ban samu ba.

Aka fara. 'Yan wasa biyar, Dewald yana jan labari. Jarumai suka afka wa sansanin Kuraye, aka yi ta jefa ɗan ludo ana ihu. Mama tana kurɓar shayinta tana murmushi irin na wadda aka kai bikin da ba ta san kowa ba. Turancinta kaɗan ne, amma tana tsintar abin da ta tsinta. Can sai aka kama Kura ɗaya da rai, an sare masa ƙafa. Dewald ya duƙa, ya murguɗe baki, ya zazzaro harshe, ya shaƙe murya.

"Mpozo," ya ce. "Mpozooo."

Kofin Mama ya tsaya a hanya.

"Me yake cewa?" in ji wata 'yar wasa mai shuɗin gashi.

"Ruwa yake roƙo," in ji Dewald.

Wani ƙato mai rigar kwarangwal ya ce, "To, na ɗauko gorata, na tsiyaye ruwan a ƙasa yana gani, sannan in fille masa kai." Ya jefa ɗan ludo, ashirin ta fito. Teburin ya kaure da tafi. Dewald ya faɗi ƙasa yana shure-shure, yana ta mpozo, mpozo, har da gurnani, mutane suna riƙe ciki don dariya.

Mama ta taɓo ni. "Wa ke neman abin sha?"

"Wasa ne, Mama."

"Na san wasa ne. Sarauniyar ce?"

Kafin in amsa, Dewald ya ɗaga littafin sama yana nuna wa jama'a hoton, shafi na tamanin da takwas. Da sabon idonta ta gani, idon da na kai aka gyara. Ta miƙa hannu aka ba ta littafin. Karatunta na coci ne, a hankali, da yatsa. Ta bi layin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi: saniyarta, hanyarta, wuƙarta, hayaƙinta. Sai da ta kai ƙarshen shafin sannan ta rufe.

Dewald ya taso yana kakkaɓe gwiwa, yana haki. "Mama, ɗanki gwani ne! Duk wannan daga kansa ya fito da shi. Luzuko, fassara mata."

"Ba sai ya fassara ba," in ji Mama da harshenmu. "Na ji. Daga kansa." Ta miƙe, ta gyara bargonta, ta yi wa Dewald godiyar shayi.

Har muka iso gida idonta yana kan tagar tasi. Da ta zage ni a cikin tasin nan, a gaban fasinjoji, da na ji sauƙi. Muka hau bene, ta zauna a kujera, ta cire takalmi ta jera su. Rana tana dukan taga, ɗakin ya yi zafi. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki ina ta zuba: ba ni na yanke ba, mutanen waje ne, bugu na biyu za a gyara, zan faɗa wa Dewald gaskiya ran Litinin. Ta bar ni sai da na gaji don kaina.

Sannan ta ce, "Luzuko, ba ni amanzi."

Na ji kamar an mare ni. Tun da aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba, har ta zame mini baƙuwa a muryarta.

"Mama, mpozo za ki ce."

"Wannan ka ba kuraye. Ni ba zan sa bakina inda suka sa nasu ba."

Ta sunkuyar da kai kamar mai jiran a tsawata mata. Ba wanda ya tsawata. Kakana ya mutu, kakata ta mutu, Baba ya mutu, babu sauran mai mayar da ita gidansu, babu mai karɓar tunkiya. Ita kaɗai ta riƙe abin nan shekara arba'in da shida ba da tsoron kowa ba, ni kuma na kwance shi da kalma biyu.

Na je famfo na cika kofi na kawo mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye, ta miƙo mini kofin.

"Ƙaro amanzi," ta ce. A karo na biyun muryarta ko rawa ba ta yi ba.