Allo na Shida

Bara na faɗi darasin rahoton kasuwanci, kuma a jami'armu sau biyu kawai ake yarda mutum ya gwada shi. In ka sake faɗuwa, shekara huɗunka ta tafi a banza, ba takarda. Darasin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: ka zaɓi wata sana'a ta gaske, ka rubuta rahoto a kanta, sannan ka tsaya gaban malamai uku ka yi bayani na minti goma. Ni shagon Baba na zaɓa, inda yake gyaran keken ɗinki tun kafin a haife ni. Malamin da ya duba na bara layi ɗaya ya rubuta mini a ƙasa, wai wannan yabo ne, ba rahoto ba. Na yi kwana uku ina zaginsa a zuci.

Bana sai na haɗiye girman kai na hau bene na biyu na ɗakin karatu, inda aka ware wani ɗan ofis don taimaka wa ɗalibai da rubutu da iya bayani. Matar da ke wurin Jan Biro ɗalibai ke ce mata, kuma ba a yi mata sharri ba. Shafina na farko ta ja wa layi tun daga sama har ƙasa, ta ce duk gaisuwa ce. Wai in fara da abin da na gano, jimla ɗaya magana ɗaya, in daina “kamar yadda kowa ya sani” tunda ba kowa ya sani ba. Ta tsayar da ni gaban kujeru uku da ba kowa a kai, ta kunna agogon wayarta. Na riƙa murza bakin mayafina, ta miƙo mini biro in riƙe. Na riƙa kallon ƙasa, ta ce tabarmar ofis ba ta ba da maki. Wallahi na tsane ta a makon farko, a na uku kuwa har ruwan sanyi nake kai mata.

Matsala ta taso ne a sashen da ake kira raunin sana'a. Na rubuta cewa shagon ba shi da wurin ajiye mota, kuma allon sunansa ya kode. Ta karanta, ta zare tabarau, ta tambaye ni ko masu ɗinki da mota suke kawo keke. Ta ce rabin makin yana kan wannan sashen, kuma malaman nan sun ji ƙaryar wurin mota sau ɗari.

“Me ya sa aiki ya ragu a shagon?” in ji ta. “Kin sani. Tun ɗazu kike kewaye shi.”

Na sani mana. Idon Baba ne. Shekara biyu ke nan ba ya ganin ramin allura, da lalube yake saita ƙugiyar da ke kamo zare, keken da ya gyara ranar Litinin sai a dawo da shi ranar Alhamis. Ya ƙi koya wa kowa, ya ƙi taɓa kekuna masu lantarki, wai kayan wasan yara ne. Masu ɗinkin unguwa suna gaishe shi da ladabi, su zaga ta bayan layi su kai aikinsu wani wuri. A gida ba mai faɗa. Mama takan ce kasuwa ce ta yi sanyi, mu ce haka ne.

Na faɗa wa Jan Biro duka, ina kuka kamar wata sakarya. Ta bar ni na gama, ta turo mini takarda ta ce to yanzu rubuta. Ya zama shafi na goma sha huɗu a rahoton, allo na shida cikin waɗanda zan haska a bango ranar bayanin. Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba, ko ɗigon ja bai samu ba. Na maimaita shi gaban kujerun nan har muryata ta daina rawa. Na lallashi kaina da cewa malamai uku ne kawai za su ji, kuma ba su san Baba ba.

Ƙanwata ce ta yi suɓul da baka a wajen cin abinci, ta ce ai ana barin iyaye su shiga zauren ranar bayanin. Ranar, ina tsaye a bakin zauren ina duba takarduna, sai ga Baba cikin kayansa masu kyau, ya sha guga, ya kulle shago da safiyar Laraba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ina za a yi maganar shagonsa a jami'a yana zaune yana shafa mai. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, “Uwata, ki faɗa musu komai, kar ki ji tsoron kowa.”

Ya zauna a layi na biyu, daidai bayan malaman. Jan Biro tana can ƙarshe kusa da ƙofa.

Allo biyar na farko sun tafi sumul. Na kalli mutane, ban murza mayafi ba, har shugaban malaman, wani mai furfura, yana gyaɗa kai. Da na ambaci shekarun shagon Baba ya gyara zama yana murmushi. Sai na iso wurin. Yatsana yana kan maɓallin sauya allo. Na nemi jimlar farko, wadda na faɗa wa kujeru sau talatin, tana nan daram a kaina, amma ta ƙi fitowa. Na danna sau biyu da sauri. Allon ya gifta ya wuce, na shiga shawarwari.

Mai furfurar ba yaro ba ne. Da na gama ya buɗe rahoton, na ga daidai inda ya sa yatsa. Ya ce yana so in faɗa da bakina, mene ne babban raunin wannan shagon. Ya ma ƙara da cewa in ɗauki lokacina.

“Babu wurin ajiye mota,” na ce.

“Shi ke nan?”

“Allon sunan ma ya kode.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe rahoton ya yi ɗan rubutu. Baba kuwa tafi ya yi, shi kaɗai a zauren.

A baranda Jan Biro ta ja ni gefe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Ta ce ta leƙa takardar makin, bai kai ba, saura huɗu. Na tambaye ta ko akwai wanda zan gani, ko wasiƙar da zan rubuta. Ta ce za ta tambaya, amma yadda ta faɗa na gane babu.

Baba yana jirana a kan benci, fuskarsa fal murna. Ya ce maganar allon nan gaskiya ce, gobe zai kira mai fenti. Ya karɓi rahoton daga hannuna, ya shafa bangon, ya buɗe tsakiya, ya kawo shi dab da hancinsa, ya nisanta, ya sake matso da shi.

“Rubutun nasu ƙanana ne,” in ji shi. “In mun je gida kya karanta mana ni da mamanki, daga farko har ƙarshe.”