Ranar da Nunzia Ta Bar Kamfanin Kompare

Tun shigowar watan Disamba Nunzia Laterza take girki da kwat a jikinta. A gidanta da ke bayan tsohuwar coci a garin Santeramo, sau biyu ake kunna injin ɗumama gida a rana, da sassafe da kuma gab da abincin dare, kowanne na ɗan lokaci. Sauran yinin kuwa bangon dutse ne da iskar tudu. Mijinta Oronzo, tsohon magini da ƙurar siminti ta lalata wa ƙirji, yana wuni a kujerar gefen murhu yana tari irin wanda ake jiyowa daga titi. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye: magani yana nasa aikin, amma mai irin wannan ƙirji ba ya zama a ɗaki mai sanyi.

Ba rowa ce ta kawo haka ba. Kuɗin gas da na lantarki ne suka yi tashin da fanshon mutum ɗaya ba ya iya kamo su.

"Filomena ta sauya kamfani," in ji Nunzia, tana yanka ganyen da za ta dafa da taliya. Filomena maƙwabciyarsu ce, bango ɗaya ya raba su. "Tun kaka. Yanzu da riga ɗaya take yawo a gidanta."

"Filomena ba ta da kompare a harkar," in ji Oronzo.

"Tana da ƙafafu masu ɗumi."

"To ki koma gidanta mana."

"Ai ba ni ke tari ba."

Oronzo ya ja hularsa ƙasa.

Komparen nasu shi ne Vitantonio Petragallo, wakilin kamfanin da ke sayar musu da gas da lantarki, mai ofis a bakin dandalin gari. Shi ya riƙe 'yarsu Rosalba ranar baftismarta, abin da ya mayar da shi kompare, kuma tun daga ranar Waliyyi Yohanna, wanda ake ƙulla wannan zumunci da sunansa, ya shiga tsakanin gidajen biyu. A garin, mutum yana iya faɗa da ɗan'uwansa na ciki ɗaya har kotu, a ce halin rayuwa ne. Kompare kuwa ba a musu da shi, ba a ce masa kai sai dai ku, ba a wuce shagonsa a sayi abu a na wani. Lokacin da Vitantonio ya buɗe ofis, Oronzo ne mutum na farko da ya sa hannu, bai ko karanta ba, don karantawa ma rashin kunya ce. Farashin shekarar farko ya yi daɗi. Daga baya ya sauya, ba wanda ya ce musu komai.

Ranar Talata Nunzia ta ninke takardar kuɗin wata ta sa a jaka, ta tafi shagon da Filomena ta kwatanta mata, a ɗaya gefen dandalin, tsakanin mai burodi da mai gyaran takalma. Wata mata mai gajeren gashi ta karɓi takardar, ta duba, ta buga a kwamfuta, sannan ta juyo mata da fuskar na'urar. Ba arha ce ta a zo a gani ba. Amma bambancin ya isa a bar injin yana aiki daga hantsi har dare ba tare da an taɓa kuɗin abinci ba.

"Da sunan maigida take," in ji matar. "Sai ya zo ya sa hannu."

"Ba zai zo ba."

"To sai dai in gidan naki ne. In naki ne, sai mu mayar da ita sunanki, mu sauya kamfanin a lokaci ɗaya."

"Na wa zai zama?" in ji Nunzia. A garin, mace ce take zuwa da gida. Mahaifiyarta ce ta ba ta shi ranar aure, kamar yadda ita ma tata uwar ta ba ta. Oronzo gadon kwana ya kawo da akwatin kayan aiki.

Matar ta miƙo biro. Nunzia ta dube shi, ba ta karɓa ba. Ba ta son a ce ta bi ta bayan fage. Ta ce za ta dawo.

Kafin ta isa gida labarin ya riga ta. Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Vitantonio ya ƙwanƙwasa ƙofa, da faranti na kayan zaƙi a hannu ɗaya da ƙunshi a ɗaya. Dogon mutum ne mai ƙamshin turare, wanda ba ya zama sai ya gyara karin wandonsa. Ya sumbaci Oronzo a kumatu biyu, ya zauna, ya ɗan murza tafukan hannunsa.

"Komare, gidan nan naku da ɗan sanyi-sanyi," in ji shi ga Nunzia, da sunan da ake kiran matar kompare.

"Kun lura, Kompa? Mu har mun saba."

"An ce an gan ku wajen 'yar birnin Bari ɗin nan mai gashin maza." Ya yi dariya ya dubi Oronzo. "Na ce ƙarya ne. Na ce Komare Nunzia burodi ta je saye, ta yi kuskuren ƙofa."

"Ƙofar da na nufa na shiga."

"Waɗannan mutanen," in ji Vitantonio, yana kaɗa kai, "wata shida za su lasa muku zuma, daga nan ku ji a jikinku. In abu ya lalace wa za ku kira? Wata murya a waya da ba ta san sunan ubanku ba. Ni kuwa ga ni, ga ofishina, ga gidana."

"Haka ne," in ji Oronzo. "Haka na gaya mata."

"Ku ma shekara ɗaya kuka lasa mana," in ji Nunzia.

"Ba ni ke yanka farashi ba, Komare. Daga sama yake zuwa. Ku bari a gama bukukuwa, zan zauna in duba takardarku da kaina."

"Bara ma bayan bukukuwa ne."

Oronzo ya yi tari, rabi na ciwo, rabi na ta yi shiru. Vitantonio ya buɗe ƙunshin da ya kawo. Bargo ne ruwan toka, da tambarin kamfanin a kusurwa, irin wanda ake ba tsofaffin abokan ciniki a ƙarshen shekara. Ya tashi da kansa ya shimfiɗa shi a gwiwoyin Oronzo, ya daddanna gefensa. Oronzo ya yi godiya har sau biyu.

Nunzia ta tsaya tana kallon mijinta, mutumin da ya gina rabin sababbin gidajen garin, a lulluɓe da tallan kamfanin da ya hana shi ɗumi, yana godiya. Ta zuba musu gahawa. 

"Kin ba ni kunya," in ji Oronzo bayan an rufe ƙofa.

"Za ka sa hannu?"

"Hannun da ya miƙa masa Rosalba a coci? In mutu tukuna."

"Abin da nake gudu ke nan."

Ranar Alhamis ake cin kasuwa, dandali ya cika. Nunzia ta sa baƙin kwat ɗinta na zuwa coci, ta ɗauki takardar mallakar gidan daga ƙasan akwatin zannuwan gado, ta nufi ofishin Vitantonio. Akwai mutane a ciki: wasu dattawa biyu da suka zo shan ɗumi da sunan tambaya, da wata mata da ke jiran a buga mata takarda. Nunzia ta ji ɗumin ofishin a fuskarta tun daga bakin ƙofa.

Al'adar da ta ɗaure Oronzo tana da ɗaya gefen, kowa a garin ya san shi, sai dai ba a cika taɓa shi ba. Abin da kompare ya roƙa da sunan waliyyin da ke tsakani, ba a hana shi. Ana ajiye wannan roƙo ne don manyan abubuwa, gawa ko kurkuku ko auren da ke shirin watsewa. Ba a taɓa jin an yi shi a kan gas ba.

"Kompa Vitantonio," in ji ta, ba ta zauna ba. "Na zo roƙo ne, don Waliyyi Yohanna da ke tsakaninmu."

Dattawan suka daina hira. Vitantonio ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"Ku faɗa, Komare."

"Ku je ku ce wa Oronzo kun yafe masa. Ku ce ya sauya kamfani, ba abin da zai shiga tsakaninku. Daga bakinku kaɗai zai ji. Ƙirjinsa ba zai kai bazara a wannan sanyin ba."

Vitantonio ya dubi dattawan, ya dubi matar da ke jira. Nunzia ta ga abin da yake aunawa. In ya saki Oronzo a gaban waɗannan, kafin Lahadi duk wanda ya sa hannu don kunya zai zo a sake shi, kuma rabin abokan cinikin da ke littafinsa 'yan kunya ne. Ya yi murmushi.

"Haba Komare, a sa waliyyi a maganar mita? Ku bar shi ya huta. Wannan magana ce ta maza, ni da Kompa Oronzo za mu yi ta a tsakaninmu."

"Kun hana ke nan."

"Ban ce na hana ba."

"Ba ku ce kun bayar ba." Ta juya wajen dattawan. "Kun dai ji."

Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa. Ɗayan ya ce shi kunnensa ba ya ji sosai tun bara.

"Ba komai," in ji Nunzia. "Waliyyin ya ji."

Ta fita. Ba ta bi ta gefen rumfuna ba, ta ratsa tsakiyar dandalin, tsakanin mai kifi da mai sayar da safa, inda duk wanda ke ofishin zai gan ta ta gilashi. A shagon matar mai gajeren gashi ta ajiye takardar gidan a kan tebur, ta karɓi biro. Ta karanta kowane shafi kafin ta sa hannu, har da ƙananan rubutun, ta sa aka nuna mata ranar da farashin zai iya sauyawa. Matar ta ce sabon kamfanin zai karɓa daga farkon Fabrairu.

Sakamakon bai jira Fabrairu ba. Kirsimeti ta zo, farantin soyayyun kayan zaƙi da matar Vitantonio take aikowa kowace shekara bai zo ba. Nunzia ta aika nata, aka dawo da shi ba a buɗe ba, ta raba wa maƙwabta. A kulob ɗin tsofaffin ma'aikata, inda Oronzo yake buga karta da rana a ranakun da ƙirji ya bar shi, ya tarar an ba wani kujerarsa a teburin Vitantonio. Wani ya tambaye shi ko yanzu sai ya nemi izini kafin ya kunna fitilar banɗaki. Ya dawo gida bai sake zuwa ba. Rosalba ta kira daga birnin Torino ta ce da an gaya mata da ta riƙa turo wani abu, ba sai an kai ga haka ba. Nunzia ta ce mata ba sadaka gidan yake nema ba, ta kuma tambaye ta ko a can ma ubangidan baftisma ne yake zaɓa mata kamfani.

Oronzo ya daina yi mata magana sai ta dole. Janairu ya wuce a haka, da sanyi da shiru da tari.

Ranar ɗaya ga Fabrairu da hantsi, lokacin da aka saba kashe injin, Nunzia ta je ta tsaya a gabansa, ta ƙara shi, ta dawo kicin. Bututun da ke jikin bango suka fara ƙara. Ta cire kwat ɗinta ta rataye a bayan ƙofa, ta naɗe hannun riga ta hau murza ƙullu.

Oronzo yana kujerarsa da kwat da hula da mayafin wuya. Ya ƙara ɓalla maɓalli ɗaya na kwat ɗin.

"Ni ba na jin ɗumin gas ɗin nan," in ji shi. "Ba nawa ba ne."

"Ba naka ba ne. Nawa ne. Zauna a ciki."

"Kin raba ni da mutumin da na sani tun muna yara."

"Na roƙe shi da waliyyi a gaban shaidu. Kai ka san abin da ya kamata ya ce."

 Wannan ne kaɗai abin da Oronzo bai taɓa musawa ba tun ranar kasuwar.

Kafin azahar gilashin taga ya yi raɓa. Gumi ya fara tsattsafowa a goshin Oronzo, yana gangarowa ta gefen hular, shi kuwa yana zaune ƙyam, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon bango. Nunzia ba ta ce ya cire komai ba. Tana yanka taliya tana saurare, kamar yadda ta saba saurare tun shigowar sanyi, kuma ta jima ba ta ji tarin ba.

"Ki buɗe taga," in ji shi. "Mutum zai narke."

"Ba zan buɗe ba," in ji ta, ta ɗora tukunya a wuta.