Kaski a Ramin Ampili

Duk unguwarmu a Konni babu wanda bai san fiyanon Hayatu ba, kuma ba don muna so muka san ta ba. Irin mai yin ganga da algaita da kalangu ita kaɗai ce, da ita yake cin abinci a gidajen biki, mu maƙwabta kuma muna shan gwaji kyauta.

Da matarsa Basira ta haihu, uwarta Inna Takama ta taso daga Dogarawa don wankan jego. Tun ranar da ta iso ta harari fiyanon. Suruka ba ta magana da mijin 'yarta ido da ido, don haka ta bakin Basira saƙon ya bi: in ta ji kukan abin nan ko sau ɗaya, za ta kwashe 'yarta da jikanta su koma ƙauye. Hayatu ya lulluɓe fiyano da zane. Jaririn kuwa ya zo da maƙogwaro, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Basira ta rame har tana gyangyaɗi da nono a bakin yaro. Inna ta ce ai dole, yaron da ya sha hayaniya tun yana ciki.

Ga kuma biki a Tsarnawa ya matso, akwai sabon kiɗan da bai zauna a hannun Hayatu ba. Sai ya aro kaski, abin sauraron nan da ake kifawa a kunnuwa. Matsalar ita ce ramin kaski na fiyanon ya daɗe da mutuwa. Ya leƙa bayanta, ya ga wani rami, ya nufi shagon Lurwanu mai gyaran rediyo, taubashinsa, neman kan waya da zai shiga ramin.

Lurwanu ya ce, "Wanga rami na ampili na, na'urar ƙara sauti, ba na kaski ba. Ƙarhinsu bai zo ɗaya ba. Kaski shina jan wuta da yawa, shi ko ramin ɗan kaɗan yaka badawa. Sauti za ya hito siriri, kunne guda, kai ta murɗawa har ka ɓata wani abu. Bari in haɗa maka ɗan ƙaramin ampili a tsakani."

"Kai dai ba ni kan. Wa ya tambaye ka lakwal? Karatu na zo ɗauka?"

"Tsaya, akwai saura. Ramin ga ba shi kashe..."

Hayatu ya riga ya karɓe kan ya hau babur. Abin da bai tsaya ji ba shi ne, ramin kaski ne kaɗai ke rufe bakin lasifikar da ke jikin fiyano. Na baya babu ruwansa.

Da hantsi Basira ta shiga wankan ruwan zafi. Hayatu ya shige ɗakinsa, ya soka kan a ramin baya, ya kifa kaski, kuma don kada kukan yaro ya dame shi ya naɗe kai da rawani tam, ya ɗora hular sanyi. Ya taɓa fiyano a hankali. Kunnen hagu ya ji wani ɗan abu kamar kukan sauro, na dama shiru. Ya murɗa makunnin ƙara sauti. Ya ƙara murɗawa. Can sai ya ji kiɗa ya cika masa kai ta ko'ina, har a ƙirji yake jin gangar. Ya ce a ransa, Lurwanu maƙaryaci, ashe ɗumi kawai kaski ke jira. Ya murɗe har ƙarshe, ya lumshe ido.

Wallahi a gidana kwanon sha sai da ya yi rawa a kan randa. Na fito a fusace, na tarar da rabin unguwa a ƙofar gidan.

Inna Takama na tsaye a bakin ɗakin, kuma nan aka ga aikin kunya. Ba ta shiga ɗakin suruki, ba ta kiran sunansa. Sai gyaran murya take tana cewa, "Salamu alaikum, masu ɗaki!" Mai ɗaki yana can yana kaɗa kai kamar ƙadangare. Ta buga tasa, a banza. Ta jefa takalmi ya daki labule. Da ta gaji, ta juya ta fara ɗaure kaya.

Basira ce ta fito da ɗaurin ƙirji, jiki na tururi, ta fizge wayar fiyanon daga bango. Hayatu ya buɗe ido ya gan ta, ya hango mu ta taga, ya hango ƙullin kayan Inna a tsakar gida. Ya warware rawani a hankali. Haushina ya tafi, tausayinsa ya kama ni, don fuskarsa ta mutumin da gidansa ya watse ce.

Gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan sai jaririn ya tsala ihu. Sai lokacin kowa ya lura cewa tun da aka fara kiɗan ba a ji shi ba. Barci yake, baki buɗe, barcin da bai taɓa yi ba tun da ya zo duniya.

Inna ta jijjiga shi, ta yi masa tawai, ta goya shi. Kamar tana zuga shi. Can sai ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa bangon, "A hwaɗa ma mai gida shi mai da abin nan. Amma shi rage."

Hayatu ya ajiye kaski, ya mai da waya, ya soma kiɗan Tsarnawa ƙasa-ƙasa. Kukan ya koma shessheka, shesshekar ta ɗauke. Ya ɗago zai yi wa Basira murmushi, ya tarar ta zame a bakin ƙofa, kai jingine da bango, ta riga yaron barci. Inna ta kwance ƙullin kayanta, ta zaro zane ta lulluɓe 'yarta.